Tayar da Naziru Ya Zaɓa

A kasuwar Jega, wata dattijuwa ta jefar da tayar babur a gaban mai rumfa.

"Kai ka saida wa ɗana Naziru wagga? Sumul kamar tafin hannu. Ta kayar da shi cikin laka a hanyar Danwarai, albasa ta watse, ƙafa ta karye. Canza mani ita."

"Inna, iri uku na nuna mai. Mai zane ta cikin gari, mai taushi ta hanya mai lanƙwasa tsakanin duwatsu, sai wagga ta filin tsere. Na hana shi, ya ƙi."

"Wane filin tsere gare mu nan?"

"Haka na ce mai. Ya ce bayan asuba babu kowa bisa kwaltar Aliero, sai raɓa da ƙanshin gonakin albasa. In ya kwantar da babur a kwana, sai ya ji kamar ƙasa ta sake shi."

Ta duƙa tana shafa tayar.

"Haka ubansa ke faɗi game da dokinsa, Allah ya jiƙan shi. Kawo mani mai zanen."

"To, in amshi wagga?"

"Ɗauke hannunka. Gefen shimfiɗarsa zan aje mai ita, ya riƙa kallo har ƙashin ya haɗe."