Wayar da Manaja Ya Yanke Mini a Apapa

Kuɗin motata zuwa Ikko na audugar Inna ne. Ita ta tsince abarta a gonarta ta Malumfashi, ta kai awo, ta kwance bakin zani ta ba ni. Farkon shekarun tamanin ke nan, ku da kuke yawo da waya a aljihu ba a ma yi auren iyayenku ba.

Na samu aiki a wani kamfanin fatu a Apapa. Da yake na yi firamare, aka ba ni tebur da waya in riƙa magana da dillalan Arewa. Layi ɗaya ne ya shigo gidan, wata Bayarabiya, Madam Bisi, ita ke soka igiya ta raba wa kowane tebur. Wai sunan abin eksitenshan. Ni kuwa na ce istanshan, suka yi ta dariya har da buga tebur.

To a Funtua akwai wani Ibo mai kayan mota, Oga Emeka, yana da waya a shago. Da Inna ta kwanta ciwo, can ƙanena Sale yake zuwa ya kira ni. Ran nan ina cikin magana da Sale, manaja ya tsaya a kaina.

"Wane dillali ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, ƙanena ne. Tsohuwarmu ce ba lafiya."

"Ni na sa mata ciwon?"

Nan take ya sa Madam Bisi ta zare igiyata, ya ce duk mai nemana a ce babu ni. Wayar kowa na aiki, tawa kaɗai ta mutu. Bai ɗauke ta ba, ya bar mini ita ina kallo. Abokan aiki kuma sai ɗaya ya yi "ƙirrr" da baki, in zabura in ɗauka, su fashe da dariya. Na roƙi manaja har ƙasa, ya tsallake ni ya wuce. In na je ofishin waya na cikin gari, sai a yini a layi, Funtua ba ta shiga.

A Agege wani direban motar shanu ɗan Danja da ya san gidanmu ya riƙe hannuna ya ce, "Ya haƙuri?" Ya zaci na sani. Har an yi sadakar bakwai.

A motarsa na dawo, ko sallama ban yi wa kamfanin ba. Da na sauka Funtua na biya shagon Oga Emeka, ya ba ni kujera.

Ya ce, "Malam, ai Mama da kanta ta zo. Sale ya ɗauko ta, ba ta iya tsayuwa. Na kara mata wayar, ta yi sallama, ta kira sunanka. Wata ta amsa da Turanci."

"Me ta ce?"

"Ta ce babu mai wannan suna. Mama ta tambaye ni, na rasa ƙaryar da zan yi, na faɗa mata. Sai ta miƙo mini wayar ta ce, ba komai, ƙila aiki ne ya yi masa yawa."