Yadda Manaja Ya Rage Tumbi, Jikata Ta Dawo Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda kuma shi ne shugaban ƙungiyarmu ta mazauna wannan bene. Mai girma likitar dabbobi, wadda ta rufe asibitinta ta zo ta zauna tare da mu a kan kujerar roba. Mai gidan da muke haya, wanda yau ya shigo da fara'a. Iyayenmu mata, ƙannena, 'ya'yana da jikokina. Mazauna hawan ƙasa da mazauna hawan sama. Har da magunan da ke leƙo mu ta tagogi don sun ji ana zancensu: ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, barkanmu da yamma.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama. Ni tsohon direban bas ne, sitiyari na saba riƙewa, ban saba riƙe lasifika ba, saboda haka in na kauce hanya ku danna mini oda. An ce in yi magana a kan kiwon kyanwa a cikin ɗaki, ni kuwa ba ni da wani ilimi sai wanda muzuruna ya koya mini, wanda duk kuka sani da suna Manaja, don ba ya aikin komai sai zama da sa ido.

Abin da wasunku ba su sani ba shi ne saura kaɗan Manaja ya raba ni da jikata, wadda nake kira Amaryata. Duk ranar da uwarta ta kawo ta, kafin ta cire takalmi atishawa ta fara, idanu su yi ja, ƙirji ya riƙa kuka kamar usur. Rannan 'yata ta tsaya a bakin ƙofa, yarinya a kafaɗarta, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ko dai muzurun nan ya bar ɗakin nan, ko kuma ka riƙa zuwa gidanmu kana ganinta." Jama'a, maganar nan ta yi mini ciwo ƙwarai, don ta yi gaskiya. Gwiwoyina ba sa son tafiya, zuciyata ba ta son rabuwa da jikata, Manaja kuma shi ne abokin hirata tun da uwar 'ya'yana ta rasu. Sai na roƙi 'yata ta ba ni lokaci, na cusa Manaja a kwando, mai gadi ya kama mini gefe ɗaya, muka nufi wajen likita.

Batu na farko ke nan, ƙiba. Da likita ta ɗora shi a sikeli sai ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Baba, kyanwa ka kawo mini ko buhun siminti?" Ta nuna mini cewa tumbi ya hana shi kai harshe bayansa, shi ya sa gashinsa ya dunƙule, amosani ya cika shi, yana zuba a kan kujera da darduma. Ta ba ni ɗan kofin awo, ta gargaɗe ni kada in yi masa horon yunwa, domin kyanwa mai ƙiba in ta daina ci farat ɗaya hantarta ce ke shan wahala. A hankali za a rage, a hankali za a motsa shi.

Na bi umarnin nan kamar yadda na bi dokar hanya tsawon aikina. Da muka koma, sai sikeli ya ce Manaja ya ƙaru! Likita ta ce, "Baba, faɗi gaskiya, kana ba shi a ɓoye." Na rantse, ba ta yarda ba. Raina ya ɓaci, na ce lallai sai na gano mai yi mini zagon ƙasa. Washegari da safe na buɗe masa ƙofa kamar kullum don ya sha iska a baranda, na lallaɓa bayansa ba takalmi.

To, ku saurara, don masu laifin suna nan zaune. Manaja ya tsaya a ƙofar maƙwabciyata tela, ya yi wani kuka mai ban tausayi da ban taɓa jin irinsa ba, sai ga kan kifi ya fito. Ya lashe baki, ya gangara ƙofar nas, ya sake rera kukan nan, sai ga madara a faranti. Ya sauka wajen mai gadi, mutumin da ya kama mini kwando da hannunsa, sai ga fatar kaza! Na fito daga bayan ginshiƙi na ce, "Haba jama'a!" Tela ta leƙo daga sama, ta rufe baki da gyale ta ce, "Wallahi Baba, mun zaci tsufa ne ya sa kake mantawa da shi." Kowannensu yana ganin shi kaɗai ne ke ceton ran muzurun nan, ni kuwa an mayar da ni azzalumi ban sani ba.

Ban hana su ƙaunarsa ba, hanya na canza mata. Na ce duk mai son Manaja ya zo ya ba shi wahala. Tela ta ɗinka ƙwallon ƙyalle ta ɗaura a zare, tana jan sa a baranda yana bi yana haki. Mai gadi ya koma kiransa daga ƙasan matakala da hannu wofi, sai ya sauko sannan ya sosa masa wuya. Ku ji ni da kyau, 'yan'uwa: kyanwar ɗaki ba ta farauta, ba ta hawa katanga, ba ta tsere wa kare, don haka abin da kuka zuba mata a jikinta yake zama. Ku auna abinci, ku bar madara, ku tambayi maƙwabta.

Batu na biyu, tsafta. A da sai hanci ya tuna mini sannan nake duba bahon yashin da yake kashi a ciki. Yanzu kullum nake kwashe ƙazantar, in wanke bahon da ruwan ɗumi lokaci zuwa lokaci, na kuma raba shi da wurin abincinsa, don ko shi ba ya son ci kusa da makewayi. Mai juna biyu kada ta taɓa aikin nan, maigida ya naɗe hannun riga ya yi. Nas kuwa, domin ta wanke laifin madara, ita ta ɗauki aikin taje shi da burushi a baranda, gashin ya tafi waje maimakon ya kwanta mini a filo.

Batu na uku, wanda ya fi kowanne nauyi a zuciyata, shi ne lafiyar yarinya. Mun kai ta wajen likitan yara, ya duba ta, ya ba da magani, ya ce abin da ke tayar mata da ciwon yana cikin yawun kyanwa da amosaninta, yana maƙale wa labule da katifa. Na naɗe tsohuwar darduma na fitar, na wanke labule, na bar shara da tsintsiya na koma goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗakin ciki na rufe shi, na ce wa Manaja, "Ranka ya daɗe, nan ba ofishinka ba ne." Ya yi fushi, ya juya mini baya, daga baya yunwa ta sasanta mu. Sai dai in faɗa muku gaskiya: akwai yaron da ko an yi duk wannan jikinsa ba zai yarda ba. In haka ta faru, ɗan mutum ne gaba, a nema wa kyanwa gida nagari. Ni ma na shirya wa hakan.

Da hutun makaranta ya zo, 'yata ta kawo jikata da sharaɗin in ta yi tari za ta ɗauke ta nan take. Muka zauna ni da uwar muna sauraron ƙirjin yarinya, ita kuwa tana can tana jan zaren tela. Yini ya wuce lafiya, yarinya ta wanke hannu, ta kwana a ɗakin ciki, gari ya waye ta tashe ni tana neman shayi. Wallahi sai da na shiga kicin na share hawaye. Ɗazu da rana uwarta ta bugo waya ta ce, "Baba, wai yaushe za ka dawo mini da 'yata?" Na miƙa wa Amaryata wayar, ta ce, "Mama, ki riƙa zuwa gidanmu kina ganina." Ga ta nan a layin gaba tana ɓoye fuska, ku tambaye ta in ƙarya na yi.

Allah ya saka wa likita da alheri, ya yafe wa tela da nas da mai gadi. Allah ya ba 'ya'yanmu da jikokinmu lafiya da numfashi mai daɗi, ya sa mu riƙe amanar dabbobin da ke ƙarƙashinmu, ya ƙara mana zaman lafiya a wannan bene tun daga ƙasa har sama, ya kai kowa ɗakinsa lafiya.

Na gode.