Farar Ƙasa a Cikin Bokiti

A kan bencin asibiti, wata mai wankau ta miƙe ƙafarta da aka naɗe da bandeji. Dattijon da ke gefenta sai tari yake yi.

"Sannu, 'yata. Wuta ce?"

"Ruwan zafi ne, Baba. Sabon bokitin roba na cika da shi, ina ɗauka gindinsa ya fashe kamar tukunyar ƙasa."

"Ai ƙasar ce. Farar ƙasa ake cuɗawa da roba. In kaɗan ce, tana ƙara mata ƙwari, ta jure zafi. In ta yi yawa, robar ba ta lanƙwasuwa, sai dai ta tsage."

Ta juyo ta ƙare masa kallo. "Kai a ina ka san wannan?"

"A kamfanin da ke yin bokitan nake aiki. Maigida ya ce roba ta yi tsada, a ninka ƙasa. Mu muke juye buhunan."

"Au, ashe ku ne! Allah ya isa tsakanina da ku!"

Tari ya sarƙe shi, ya daɗe kafin ya ɗago.

"Ya riga ya isar miki, 'yata. Ƙasar da ba ta shiga bokitinki ba, tana nan cikin ƙirjina."