Telan Siminti

Ku aje jakunkunan nan ku zauna. Kafin kowa ta taɓa mini keken ɗinki, sai kun ji yadda anka yi na samu shagon ga.

Akuya ce kuɗin motata. Jar akuyar innata, mai haihuwar tagwaye, ita anka kai kasuwar Gwandu. Inna ta ƙulle mini kuɗin a bakin zane ta ce, "Rabi, tafi wurin goggonki Legas, tunda kina da takardar ɗinki." Takarda kam ina da ita, har da hatimi. Irin makarantar koyon sana'ar da kuke yi na yi, shekara biyu cur, amma wallahi har na gama ban taɓa sa almakashi a yadi ba. Takardar buhun siminti muke yankawa, ita muke ɗinkawa, malama ta duba ta ce ya yi. Ba laifinta ba ne, wa zai ba makaranta yadi ɗalibai su ɓata?

Goggona tuwo take sayarwa a Agege, ita ta kai ni shagon wata Madam. Can ba a cewa tela, wai "fashin dizaina". Na ce lalle akwai fashi, don kuɗin ɗinki guda sai ya sayi rago. Madam ta riƙe takardata da yatsa biyu.

"Kin iya yanka?"

"Na iya, a takardar siminti."

Har ƙasa ta kai don dariya. Daga ranar sunana ya ɓata, kowa sai "Telan Siminti".

Shekara biyu ina guga, ina kalmasa, ina sa maɓalli. Ke Hafsi, daina murmushi, guga ma aiki ne, ga tabonsa a hannuna. Amma yanka? Akwai wani ɗan ɗaki a ƙurya, da zarar Madam ta ɗauki almakashi sai ta shige ta ja ƙofa. Kun san sirrin ɗinki duk a yanka yake, sauran bin layi ne.

"Madam, in zo in riƙe miki awo?"

"Je ki sayo mini ruwan sanyi."

"Ga ruwa nan na sayo ɗazu."

"Ya huce. Sayo wani. Yanka sai kin yi firidom!"

Firidom ɗin nan wai bikin yaye ne, sai ka shekara bakwai kana bauta. Na ce a raina, bakwai ɗin gidanku. Abin ya ci mini rai ƙwarai, har kuka na yi a bayan shago, ba sau ɗaya ba.

To, ran Asabar Madam takan ba ni rigunan mutane in tafi da su gida in yi kalmasa. Lahadi da hantsi, tana coci, sai in sa reza in farke riga ɗinki bayan ɗinki, in shimfiɗa kowane yanki a kan takardar siminti, in zana, in yanke. Sannan in maida rigar yadda take da keken wata maƙwabciya. Magina na gefenmu har sun san ni, su suke tara mini buhunan. Abin da anka yi mini dariya da shi, shi ya zama malamina.

Mai gidan hayarmu, wanda suke kira landilodi, wani tsoho mai tumbi, ya leƙo ya ga takardu har ƙarƙashin gado.

"Ke kike tara mini kyankyasai!"

"Baba, kyankyasan ga mun tarar da su, sun girme ni a gidan."

"Zan ƙone su!"

"Kyankyasan? Allah ya ba ka lada."

Goggo ce ta raba mu, ta miƙa masa kwanon tuwo.

Rana dubu ta ɓarawo, in ji masu magana. Wata Lahadi na farke rigar uwar ango, leshi mai tsada, garin sauri na maida hannun dama a hagu, na hagu a dama. Matar ta zo gwaji, ta ɗaga hannu, riga ta ƙi. Madam ta juya cikin rigar, ta ga zaren da ba nata ba.

"Ke kinka farke wannan?"

"Ni ce."

"Ɓarauniya!"

"Mi na sata? Ga rigarku nan, ko ƙyalle bai ɓata ba. Abin da na zo koyo na ɗauka."

Na gyara hannun a gabanta, sannan na ɗauki mayafina na fita kafin ta gama korar.

Ranar da na sauka tashar Gwandu, 'yan ci-rani na sauke talabijin da katifa, ni jaka guda ce, cike da takardun siminti. Inna ta buɗe, ta dube ni, ta ce, "Akuyata ke nan?" Na ji kunya, ba zan ɓoye muku ba. Amma da aure ya kawo ni nan Kalgo, da takardun nan na fara, da keken aro. Ga su can rataye a ƙusa, sun yi baƙi, ba mai taɓa su sai ni. Inna kuwa akuya uku na ɗaure mata.

Shi ya sa da malamarku ta zo neman shagon da zai karɓe ku, ban bari ta gama magana ba. Na hau mota na je wurin masu yadi a kasuwar Gwandu, na ce guntayen da kuke sharewa ku tara wa makaranta. Biyu sunka yi mini dariya, uku sunka yarda, ga buhun nan a bayan ƙofa.

Jiya shugaban telolin garin ga ya zo, ya tsaya inda kike zaune, Sa'a.

"Hajiya Rabi, ki koya musu ɗinki, ba mu hana ba. Amma yanka? Gobe su buɗe shago a gabanki, mi za ki ci?"

"Abin da Allah ya ba ni, Malam."

"Ƙungiya ba za ta ƙara turo miki aikin kayan makaranta ba."

"Ku riƙe abinku. Ni anka rufe ma ƙofa, na san yadda take."

Aikin nan shi ke riƙe ni da damina, na sani, kuma na ji zafinsa. Amma ku duba shagon ga da kyau, ba ɗakin ƙurya, teburin yanka a bakin ƙofa yake.

Sa'a, taso. Bar buhun guntayen can, na gobe ne. Ɗauko wagga atamfar da ke bisa keke. I, tawa ce, ta Sallah, ko wanki ba ta gani ba. Ga awona, ga alli. In kin ɓata, haka zan sa ta in je Idi, duk wanda ya tambaya in ce ɗalibata ta yanka.

Karɓi almakashin. Bismillah.