Ta Uku Daga Hagu

A ɗakin jiran likita, talabijin na nuna wani tsohon wasan waƙa da rawa, 'yan mata sun jeru suna takawa. Wani dattijo ya nuna allon da sandarsa.

"Hajiya, kin ga ta biyun nan daga hagu? Saboda ita na kalli wasan nan sau tara ina saurayi."

Tsohuwar da ke gefensa ta gyara tabarau. "Ta ukun ta fi ta iyawa, Malam."

"Haba! Ta ukun ai 'yar rakiya ce."

"'Yar rakiya? Ta biyun ƙanwata ce, Allah ya jiƙanta. A tsakar gidanmu na koya mata takun nan."

Dattijon ya yi tsuru-tsuru. "To, ta ukun fa?"

Ta ɗaga haɓa. "Yi shiru ka kalla. Yanzu zan yi juyin da ya gagari kowa."