Makullin da Iya Zaituna Ta Maido

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu magada annabawa, abokan aikina 'yan kwamitin sa ido kan gine-ginen gwamnati, da jama'ar da suka taso daga Kiyawa da Taura da Garki zuwa nan Dutse, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ko da yake wallahi da so samu ne, da can baya na zauna na sunkuyar da kai. An ce in zo da labarin nasara. Abin da na zo da shi makulli ne, ga shi a hannuna.

Na farko, kun san gidajen da aka gina wa waɗanda ambaliya ta raba da muhallinsu a wani ƙauye kusa da Kiyawa. Gwamnati ta fitar da kuɗi, ɗan kwangila ya gina, mu aka ɗora wa duba aikin. Mun duba kwano, mun duba fenti, mun ƙwanƙwasa bulo, muka ce aiki ya yi. Ranar rabon gidaje aka kira Iya Zaituna, dattijuwar da tun rushewar ɗakinta take kwana a ajin firamare da jikokinta marayu. Ta shiga, ta zaga, ta fito, ta ajiye mini makullin a tafin hannu, ta ce, "Ɗan nan, Allah ya saka da alheri. Amma ban-ɗakin nan gabas yake kallo. Na tsufa ina fuskantar alƙibla da goshina, ba zan ƙare ina fuskantar ta a tsugune ba." Muka leƙa sauran gidajen, duk haka suke. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na biyu, kada kowa ya tsaya zagin ɗan kwangila. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi zanen gini aka kawo masa daga nesa. Mu fa? Mu 'yan gida ne, mu masu salla ne, ko cikin barci aka tashe mu mun san gabas. Amma ba wanda ya leƙa ban-ɗaki, saboda muna ganin manyan rigunanmu sun fi ƙarfin wurin.

Na uku, roƙo nake. A riƙe cikon kuɗin kwangilar sai an juya kowane ban-ɗaki. Nan gaba kuma, kafin a haƙa harsashi, a zauna da masu shiga gidan, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A yi da sauri, jama'a. Hutu ya kusa ƙarewa, makaranta na son ajinta, hadari ya fara haɗuwa, Iya kuma ba ta da inda za ta.

Allah ya yafe mana sakacinmu, ya rufa wa talakawanmu asiri, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuwa makullin nan zai zauna a aljihuna yana suka ta, har ranar da zan durƙusa gaban Iya ta yarda ta karɓa.

Na gode.