Mataccen Rediyo

A rumfar mai gyaran rediyo, wani dattijo da wata mata suna zaune a benci suna jira.

"Baba, kai ma naka ne ya lalace?"

"Ina fa, 'yar nan! Jikata ce ta hana ni sakat. Tun da aka gyara makarantun gwamnatin yankinmu, aka kawo musu malamar kimiyya, ba abin da ya tsira a gidana. Fanka, tocila, dutsen guga, duk sai da ta kwance su."

"Kai! Ai sai ka kai ƙara wurin shugaban makaranta."

"Na je. Wai in yi haƙuri, ita za ta wakilci yankin a gasar ƙere-ƙere. Yarinyar da a da sai an ja ta take zuwa aji!"

"To fankar fa, ta mayar?"

"Ta mayar mana. Har ƙarar da take yi shekara da shekaru ta daina. Yanzu shirun ne ke hana ni barci."

Matar ta tuntsire da dariya. "To me ka kawo gyara?"

"Wane gyara? Mataccen rediyo na zo saya mata. Kai mai gyara, zaɓo min wanda ya gagare ka!"